Ni da kwafin rubutu daga intanet zuwa Word

Jiya na ga ta kaina wallahi. Ƙanwata ce ta roƙe ni in ɗauko mata wani dogon bayani daga shafin intanet in zuba mata a Word don ta kai a buga mata a kan takarda, na ce ai wannan aikin minti biyu ne. Na yi kwafi na manna, kawai sai ga talla da hotuna da rubutu mai launin shuɗi duk sun biyo ni, teburin da ke ciki ya karkace ya fita daga gefen takarda, shafuka 4 suka koma 11. Kuma kuɗin bugawa a shafi ake lissafawa fa!

Sai na tuna dabarar da wani abokina ya taɓa nuna min, ka fara manna rubutun a Notepad, wani ɗan ƙaramin shirin rubutu na kwamfuta, shi ba ruwansa da kwalliya, haruffa zalla yake karɓa, daga nan ka kwashe ka kai Word. Haka na yi, komai ya wanke tas, sai dai teburin ya narke ya zama layi-layi, da hannu na sake gina shi ina ta tsaki. Daga baya ma na gano Word ɗin tun na 2013 yana buɗe PDF, da na danna Ctrl+P (umarnin bugawa) a shafin intanet ɗin na adana shi a PDF, da na huta.

Ita kuwa Hajiyar da ta zo karɓa, cewa ta yi, Yaya ina hotunan?