Yau munka kai ƙanwata sikanin

Talata, Sakkwato

Tun da asuba nit tada ƙanwata, ban bari ta sa komi a baki ba sai ɗan ruwa, don masu sikanin sun ce sai ta yi awa shidda zuwa takwas ba ci, in ta ci abinci matsarmamar matsewa takai ta zubar da ruwanta, ba a ganin cikinta da kyau. Sikila gare ta, amma ciwon ga ba irin wanda munka saba ba ne, ba ƙashi ba ba baya ba, ƙarƙashin haƙarƙarin dama yake kama ta har shi hau kafaɗa, kuma galibi in ta ci masa ko soyayyen nama. Inna dai tun jiya take cewa shawara ce a nemo jiƙo, tunda idon ya ƙara rawaya.

Munka isa asibitin koyarwa rana ba ta yi zafi ba. Mai sikanin tas shafa mata man nan mai sanyi, tana goga na'urar tana cewa ja numfashi ki riƙe, sai ga su a allo, 'yan tsakuwoyi fari fat kowace da baƙar inuwa a ƙasanta. Wallahi gabana ya faɗi.

Likitar da munka gani Allah shi saka mata, ta zauna ta yi muna bayani. Tac ce hanta tana yin ruwan matsarmama wajen rabin lita ko fiye kullum, mafi yawanshi ruwa ne, sai gishirin da ke narkar da maiƙo, da kolestarol wanda wani irin kitse ne, da wani sinadari mai launi da ake kira bilirubin wanda ke fitowa in jajayen ƙwayoyin jini sunka mutu. In ɗaya ya yi yawa sai shi kwanta, kamar sukarin da ya fi ƙarfin shayi. Masu ƙiba da matan da sunka yi haihuwa da yawa, tasu tsakuwar galibi ta kolestarol ce. Mai sikila kuwa jajayen ƙwayoyin jininshi da ya kamata su kai kwana 120 ba su wuce 10 zuwa 20, to bilirubin ɗin shi ke taruwa shi zama baƙar tsakuwa.

Nic ce likita don Allah ba maganin da zai narkar da su? Tac ce akwai, amma ƙananan na kolestarol kaɗai yake taɓawa, shi ma sai an yi watanni ana sha, baƙaƙen nan ko gezau. Nan na gane sanin abin da ke cikin ruwan shi ne rabin maganin, da mun tsaya wajen jiƙo muna ɓata lokaci ne kawai, yarinya na wahala.

Ta ja muna kunne sosai: in zazzaɓi da rawar ɗari sunka haɗu da rawayar ido da wannan ciwon, ko kashi ya koma fari fitsari ya yi duhu, tsakuwa ta toshe hanyar ruwan matsarmama ke nan, mu taho ko tsakar dare ne. A irin haka ake zura bututu ta baki, ERCP suke ce mashi, a buɗe hanyar a ɗebo ruwan a kai ɗakin gwaji, a ga wace ƙwayar cuta ce, E. coli ko Klebsiella, don a san maganin da zai kashe su, har ƙwayoyin ciwon daji ana dubawa a ciki. Kuma ashe ƙwayar taifot ma tana iya ɓuya cikin matsarmama mutum shina yawo da ita.

Da munka dawo na zauna da Inna, nic ce Inna ki yi haƙuri da jiƙon nan, tsakuwa ce na gani da idona. Ta yi shiru can tac ce to Allah shi ba ta lafiya, a yi abin da likita tac ce. Gobe za a ɗibi jininta a auna hanta, daga nan mu ga likitocin fiɗa su faɗa muna ko cire matsarmamar za a yi.