Layi biyun da na goge

Juma'ar nan na miƙa makullin durowata, shekara huɗu ke nan ina haɗa wa oga takardar da yake riƙewa in za shi taro ko gidan rediyo, amma wallahi abin da ya faru a Fabrairun 2025 har yau bai bar raina ba.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta fitar da hauhawar farashi na Janairu, kashi 24.48 cikin ɗari, alhali na Disamba 34.80 ne. Na san sun canza shekarar awo, wato shekarar da ake kwatanta farashi da ita, daga 2009 zuwa 2024, sun kuma rage nauyin abinci a lissafin, shi ya sa na rubuta haka cikin layi biyu a ƙasan takardar. Oga ya sa jan biro ya soke su, ya ce "wanga bayani ya cika tsawo, mutane labari mai daɗi suka so." Na ce to Yallaɓai, na goge. A nan na yi kuskure kuma ba na ɗora wa kowa shi, don na san gaskiya na ja bakina na yi shiru.

Ya je taro ya ce kaya sun yi sauƙi da kashi goma. Wani dattijo mai sai da hatsi a Tsohuwar Kasuwa ta Sakkwato ya miƙe, ya gyara hula ya ce "ranka shi daɗe, wace kasuwa ta wagga, mu tahi can mu sawo tiyar gero?" Zauren ya kaure da hayaniya. Kuma dattijon ke da gaskiya, ai an auna Disamba da wata tiya an auna Janairu da wata, sannan ko da tiya ɗaya ce saukar hauhawa ba saukar farashi ba ne, kaya na ci gaba da tashi gudun ne kawai ya ragu, wanda ya ci wuya tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ba ka gaya mishi an samu sauƙi.

Da muka dawo ofis a gaban kowa har da masinja ya ce ni na ba shi lissafin banza. Ko kalma ɗaya bai faɗa kan jan biron ba. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Daga nan duk lambar da ta zo hannuna sai na nemi yadda aka auna ta. Rashin aikin yi da ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1 a 2023, ai mai aikin awa ɗaya a sati aka fara ƙirgawa cikin masu aiki. Matsakaicin ƙasa kuma ba ya ba ka labarin Sakkwato, a rahoton talauci na 2022 ƙasa kashi 63 ce, mu 91.

Ƙanena da zai zauna kujerata, in an ce ka goge abu ka nemi a rubuto maka. Na bar maka takardar nan mai jan biro a durowar ƙasa.