Daga Aboabo ta Kumasi zuwa Sakumono, neman baƙin tsuntsaye

Mu 'yan Kumasi da gandun dajin Owabi muke taƙama wajen kallon tsuntsaye, amma can kurmi ne, tsuntsu na kuka bisa kanka ba ka ganinsa. Mai son baƙin da ke gujo wa sanyin Turai sai ya gangara bakin teku tsakanin Satumba da Afrilu. Na rataya kyamara, na sauka unguwar Nima a Akara wurin kawuna.

"Tun daga Aboabo don tsuntsu? Sayar da hoton kake yi?"

"A'a Kawu, sha'awa ce."

Ya girgiza kai. Amma da asuba shi ya tashe ni, ya cusa min ƙosai da kuɗin turoturo (motar haya) a jaka.

Tafkin Sakumono na dab da Tema, titi ne ya raba shi da teku. Tun 1992 yake cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar, mai kare dausayoyin duniya, ta keɓe. Ko murfin kyamara ban buɗe ba wani ya tare ni, babu sallama, wai sidi 50 kuɗin hoto. Na ce ina rasit? Ya ja tsaki ya wuce.

Wani dattijo masunci ne ya wanke min zuciya. Ya ja ni bayan ciyawa, ya nuna in durƙusa rana na bayana, in rufe farar rigata. Zalɓe da balbela 'yan gida ne, ban kula su ba. Sai ga ƙananan masu dogon baki, toka-toka, suna caccakar laka kamar keken ɗinki. Na jawo ɗaya da gilashin 300mm, na ga zobe a ƙafarsa, irin mai lambar da masana ke sawa don bin sawun hijira. Hannuna har rawa yake. Tsuntsayen da ke tsere da igiyar ruwa a tsallaken titi kuwa, wasunsu a tsibirin Girinlan mai ƙanƙara suke ƙyanƙyasa. Na ba dattijon na goro, ya ƙi karɓa.

Abin takaici, duk inda na juya kyamara sai leda ko sabon gini ya shigo hoton. Gidaje na cin tafkin a bainar jama'a.

Tsadar Akara kuma sai addu'a. Waken da zai ƙosar da ni a Asawase, nan ɗanɗano ne.

Washegari na leƙa gonakin gishiri na bakin kogin Densu, hazo ya ɓata hotunan. Daga nan sai tasha.