Hasken Fentin Ruwa a Jikin Takarda Yake

Zanen dutsen Rigi na ƙasar Suwizalan, wanda J.M.W. Turner ɗan Ingila ya yi a 1842, shi ya ja ni zuwa fentin ruwa. Dutse shuɗi, tafki shiru, ga tauraron asuba yana ƙyalli cikin hazo. Tauraron nan ba ɗiga shi aka yi da farin fenti ba. Kankare launin Turner ya yi har farin takarda ya leƙo.

Haka na bi. Nakan jiƙa takarda sharaf, in shimfiɗa ta a kan katako, in ja launi tsararo da babban burushi daga sama zuwa ƙasa ba tsayawa. Da ƙyallin ruwan ya fara dusashewa, takarda na da sanyi amma ba ta ɗiga, sai in dunƙule tsumma in danna inda nake son gajimare. Launi ya biyo tsumman, gefen ya fito da laushi kamar audugar da aka shiɓa. Wannan ɗan lokacin shi ne sana'ar gaba ɗaya. In ka yi gaggawa launi ya malalo ya rufe wurin, in ka makara ya riga ya kama. Da hunturu kuwa, kafin ka wanke burushi takarda ta bushe ƙayau, shi ya sa na fi jin daɗin aikin da damina.

Ƙaro na taimakawa. Shi ne ma abin da ke riƙe garin launi a fentin, ƙaron nan dai da ake tsinta a Sudan, Cadi da Yobe. Ɗigo guda cikin ruwan haɗi, sai launi ya riƙa ɗagowa ba gardama.

Kankara da reza sai takarda ta bushe sarai, kuma sai mai kauri ta auduga. Ta kamfanin Whatman na Ingila da masu zanen zamanin Turner suka yi yayi da tsummoki ake yin ta, shi ya sa take jure jiƙo da karta. Mai araha yagewa take yi.

Duk da haka, ni hanyar Thomas Girtin, wani mai zane ɗan Ingila, ta fi kwanta mini. Sa'an Turner ne, 1775 aka haife su duka, amma ya rasu a 1802 yana da shekara 27. A zanensa na bakin kogin Thames a wajen unguwar Chelsea ta Landan, na 1800, ɗan farin gidan da ke ɗaukar ido takarda ce kawai ya bari, ya zagaye ta da launuka masu duhu. Yanzu kafin in jiƙa burushi sai na sa alama da fensir a wurin da ba zan taɓa ba.