Ruwa a gidan haya: lissafin da mai zuba jari a Zariya ya kamata ya fara yi

A sana'armu ta kula da gidajen haya, wanda ya zo neman ɗaki a Samaru, Palladan, Hanwa ko Kongo yakan tambayi ruwa kafin ya tambayi kuɗi. Masu sayen gida don haya kuwa sai su ƙirga ɗakuna, su buga kuɗin shekara, su manta da ruwa. Daga baya shi ke cinye ribar.

Lokacin duba gida shi ne bazara, Maris zuwa farkon Mayu. A Agusta kowace rijiya tana da ruwa. A zura guga a ga gaba nawa ruwan ya yi ƙasa, a tambayi maƙwabta ko suna yasar rijiya duk shekara, sannan a lura da yawan kurar 'yan ga-ruwa da ke shiga layin da safe. Idan akwai famfon gwamnati, a tambayi kwana nawa yake kawowa a mako, kuma a nemi takardar biyan kuɗin ruwa ta ƙarshe, don bashin tsohon mai gida kan bi gidan.

Ƙasar Zariya a kan dutse take zaune, irin wanda ya fito fili a Kufena. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da tsagogin da ke ƙasansa, shi ya sa rijiyar burtsatse ta yi ruwa a wannan gida, ta maƙwabci ta fito a bushe. Kada a haƙa ba tare da gwajin ƙasa ba. A rubuta yarjejeniya da mai haƙa: mita nawa, wane irin bututu za a zura, za a zuba tsakuwa a gefensa, za a toshe saman da siminti don ƙazantar sama kada ta gangara, kuma wa zai ɗauki asara idan ba a samu ruwa ba. Bayan haƙa, a ja ruwan na sa'o'i a ga lita nawa rijiyar ke iya bayarwa kafin a sayi sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiyar ya turo ruwa sama. Idan sumo ya fi ƙarfin rijiya zai zuƙe ta, ya ci gaba da juyawa babu ruwan da ke sanyaya shi, ya ƙone. Wutar da ba ta da ƙarfi ma tana ƙona shi. Na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya ƙare ko wuta ta yi ƙasa ba ta kai kuɗin fito da sumo daga rami sau ɗaya ba.

Ga lissafin tanki. Gida mai ɗaki 10, ɗalibai biyu a kowane ɗaki, bayi mai ja da ruwa: a ɗauka kowa zai ci lita 60 a rana, lita 1,200 ke nan. Ana so tanki ya riƙe gidan kwana biyu ko da babu wuta, wato lita 2,400, don haka na lita 1,000 ba zai yi ba. Ko lita 2,000 ma nauyin tan biyu ne, ba abin da za a ɗora a kan siririn ƙarfe ko rufin bayi ba ne. A sa baƙin tanki mai murfi don gansakuka, a sa abin da ke tsayar da ruwa idan ya cika, a wanke shi duk wata shida. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya yana cin aƙalla wat 750, amma a lokacin tashi yana jan ninkin haka sau da yawa, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa. A gidan ɗalibai ni na fi son sola, domin tana kashe rigimar karo-karon kuɗin mai.

Ɓarnar da ta fi yawa ba a jin ta. Robar cikin tankin masai idan ta saki, ruwa na tsiyaya dare da rana, ɗaruruwan lita a yini. Gwajin mai sauƙi ne: a cika tanki da dare, a sa masa alama, a hana buɗe famfo, a duba da asuba. Idan ya sauka, akwai yoyo. Kowane ɗaki ya samu makullin ruwansa, don kada a tsayar da gida duka saboda famfo ɗaya. Bututun roba da aka bari a rana yana bushewa ya tsage, a binne shi ko a rufe.

Sai ruwan da ke fita. Tsakanin rijiya da shadda ko sokawe ana so a samu mita 30, rijiyar kuma ta kasance ta ɓangaren tudu. A filayen cikin gari da Tudun Wada ba kasafai ake samun wannan tazara ba, kuma ramin maƙwabci ma yana cikin lissafi. Inda ya matse, a kai ruwan a gwada, a faɗa wa 'yan haya gaskiya ko na sha ne ko na wanki kawai. Wannan magana ce ta lafiyar mutane, ba a ɓoye ta don a cika ɗakuna.

Gidajen da ke kusa da fadamar Kubanni da Galma ruwan ƙasa na tasowa da damina, sokawe ya cika ya dawo bayi. A dubi gindin bango: fenti mai kumbura, filasta mai zuba kamar gari, farin zartsi zuwa gwiwa. Danshi ne ke hawa daga fandisho, sabon fenti ba ya maganinsa. Kafin ruwan Mayu ya sauka a yashe kwata, a gyara indararo, a hau sama a duba ƙusoshin kwano.

A takardar haya a rubuta ƙarara: sumo, tanki, rufi da babban bututu na mai gida ne, kan famfo, shawa da toshewar da ɗan haya ya jawo nasa ne, kwashe sokawe a faɗi wanda zai biya. Kuɗin ruwa a raba shi bisa yawan kawuna, ba yawan ɗakuna ba, a karɓa tare da kuɗin haya. Mai gida kuma ya ware kuɗin hayar wata guda a kowace shekara ya ajiye don gyaran ruwa, domin sumo kan mutu ne a tsakiyar bazara, lokacin da jarkar ga-ruwa ta fi tsada.