Allura, Zare da Dara: Yadda Baba Ya Koma Bakin Aiki

Mahaifina ya shafe shekara ashirin da wani abu yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a zamanin da Kaduna take tinƙaho da masaƙunta. Da aikin ya tsaya sai ya koma sayar da yadi, har zuwa lokacin da mu 'ya'yansa muka taru muka roƙe shi ya zauna a gida ya huta. Da kyakkyawar niyya muka yi haka, amma yanzu na gane cewa mun wuce gona da iri. Da zarar ya ɗauki buta sai jika ya karɓe, idan kuwa ya ce zai gyara ƙafar kujera sai a ce, "Haba Baba, muna gidan?" Kafin shekara biyu, mutumin da yake lissafin kuɗin yadi da ka ya koma tambayar ko yau wace rana ce sau uku kafin azahar.

Hankalina ya tashi, domin na san akwai mantuwar da ta wuce ta tsufa, irin cutar da likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Likitan da muka gani ya auna jininsa da sukarinsa, ya duba jinsa da ganinsa, sannan ya yi masa tambayar da ta sa na sunkuyar da kai: "Baba, me kake yi daga asuba zuwa magariba?" Baba ya ce yana zaune.

Na fara da abin da na gani a intanet. Na bugo masa Sudoku, wasan lambobi da ya yi suna a Japan kafin jaridun Ingila su yaɗa shi a 2004, inda ake cike gidaje 81 da lambobi daga 1 zuwa 9 ba tare da lamba ta maimaitu a layi ɗaya ba. Ya juya takardar, ya tambaye ni abin da mutum zai samu idan ya gama, na ce ba komai, sai ya miƙo mini abata. Ban ga laifinsa ba, don wanda ya saba ganin yadi yana fita daga inji ba zai gamsu da aikin da ba ya barin abin taɓawa ba.

Ɗinkin hula ne ya karɓe shi. Wani maƙwabcinmu a Tudun Wada ya zana masa farin ƙyalle, na sayo allura da zare kala huɗu a Kasuwar Barci, muka kuma yanko masa tabarau. Duk wanda bai taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ba zai ɗauka aikin yatsu ne kawai, alhali lissafi ne daga farko har ƙarshe. Sai mutum ya riƙe zanen a ka, ya ƙirga sukar allurarsa, ya tuna inda shuɗi zai tsaya ja ya ɗauka, kuma idan ya yi kuskure a layi ɗaya, sai bayan layi uku zai ga zanen ya karkace, ya warware ya sake. Na sha ganin Baba a zaure da hantsi, tabarau a kan karan hanci, yana lasar bakin zare yana neman kafar allura, leɓensa na motsi da ƙirge. Hular farko ta ci wata huɗu, kuma gaskiya ba ta yi kyau ba, amma ƙanena ya sa ta ya je Masallacin Sultan Bello ranar Juma'a.

Dara kuwa shi ya tono abarsa. Ya haƙa gurabe 30 a gindin darbejiya, layi biyar na shida shida, ya tara tsakuwa 12 da guntayen kara 12, yana buga wa ɓangarorin biyu shi kaɗai. Wahalar ita ce idan ya shirya wa tsakuwa dabarar jera uku, dole ya zagayo ya yi tunani kamar mai kara wanda yake son rushe dabarar. Mahaifiyarmu, wadda ba ta taɓa ajiye saƙar faifai ba kuma har yau ba ta mance bashin kowa, takan leƙo ta ce, "Malam, yau wa ya ci?"

Ba zan ce wa kowa hula ko dara magani ba ne. Abin da masu bincike suka fi samu shi ne mutum yana ƙwarewa a kan abin da yake maimaitawa, kuma amfanin ya fi fitowa idan aka haɗa da wasu abubuwa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan, wanda aka wallafa a 2015, ya bi mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 na tsawon shekara biyu, kuma waɗanda aka haɗa musu gyaran abinci da motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa da lura da hawan jini sun fi sauran riƙe kaifin tunaninsu. Shi ya sa muka daina kai Baba masallacin unguwa a mota, kuma ba ma wasa da maganinsa. Dattijon da ya fara ɓata a hanyar gidansa ko yake mance sunayen 'ya'yansa kuwa, likita yake bukata, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa.

Yanzu Baba yana kan hula ta biyar, ya kuma ƙi yarda a zana masa irin zanen baya, wai ya riga ya haddace shi. Makon jiya na je gaishe shi na tarar zare ya suɓuce daga allura, na miƙa hannu zan zura masa kamar yadda na saba. Ya janye hannunsa ya ce, "Bari, ai idona bai mutu ba." Sai a gwaji na shida zaren ya shiga.