Jadawalin Lokaci da Ginin Ajujuwan Unguwarmu

Bara, da aka ɗora mini alhakin kula da ginin ajujuwa biyu a unguwarmu, na jera ayyukan cikin manhajar Asana, amma jerin bai nuna mini wane aiki ne yake jiran wani ba. Sai da na koma shafin jadawalin lokaci, irin wanda ake dangantawa da Henry Gantt, injiniyan Amurka da ya yaɗa shi a shekarun 1910, sannan lamarin ya fito fili. Kowane aiki yana kwance kamar sanda bisa kwanakin wata, tsawonsa gwargwadon kwanakin da zai ci, kuma kibiya tana haɗa shi da aikin da ya dogara da shi. A ganina, kibiyar nan ita ce gishirin jadawalin.

Da siminti ya makara, na ja sandar zuba linta gaba da kwana 5, nan take sandar kafinta da ta rufin kwano suka matsa tare har cikin watan Yuni, lokacin da damina take kankama. A ranar na kira kafinta muka amince ya fara yanka katako tun kafin linta ta bushe, sannan na raba sandarsa gida biyu a jadawalin.